Cakin Dala 15 da Ya Fito daga Wisconsin

A ranar 17 ga Agusta, 1936, wani ma'aikacin ɗab'i a birnin Madison na jihar Wisconsin ya karɓi cakin dala 15. Ba albashi ba ne, ba kuma sadaka ba ce. An sallame shi daga aiki, doka kuwa ta ce yana da haƙƙin a ba shi abin da zai riƙe gida kafin ya sami wani. Wannan ne karo na farko da wata jiha a Amurka ta biya alawus ɗin rashin aiki. Kafin nan, wanda masana'anta ta ce ya tafi gida sai dai ya jingina da dangi, ko coci, ko ya bi layin rabon miya. Birtaniya tun 1911 ta kafa irin wannan inshora, Amurka kuwa tana ta jan ƙafa.

Tushen maganar wani malamin tattalin arziki ne a Jami'ar Wisconsin, John R. Commons. Ya ga abin da ya biyo bayan 1911, shekarar da jihar ta kafa dokar biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki. Da masu masana'antu suka lura cewa kowane yatsa da inji ya gutsure kuɗi ne ke fita daga aljihunsu, sai ga shi suna sa wa injuna kariya ba tare da dogon wa'azi ba. Commons ya ce to a yi wa kora haka nan. Idan sallamar ma'aikata tana ci wa mai kamfani kuɗi, zai nemi dabarar shimfiɗa aikinsa a tsawon shekara, maimakon ya kwashi mutane lokacin da kasuwa ke ci, ya watsar da su ranar da ta faɗi. A wurinsa rigakafin korar ne gaba, biyan wanda aka kora na biye.

Sanata Henry Huber ya kai ƙudirin majalisar jihar a 1921, ya sha ƙasa. Aka yi ta mayar da shi zama bayan zama, yana ta faɗuwa, domin shekarun na yalwa ne, kuma mai ƙoshi ba ya jin kukan mai yunwa.

Sai kasuwar hannun jari ta rushe a 1929. Masana'antu suka yi ta rufewa, har ya zamana a 1933 kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan Amurka yana zaman kashe wando. Almajiran Commons suka ɗauki ragamar: Harold Groves, wanda ke majalisar dokokin jihar, da Paul Raushenbush da matarsa Elizabeth Brandeis, 'yar alƙalin Kotun Ƙoli Louis Brandeis. Sun shawo kan ƙungiyoyin manoma da hujjar da ta taɓa aljihu: harajin da kuke biya kan gonakinku ne ake ciyar da waɗanda masana'antu suka zubar. Gwamna Philip La Follette ya sa hannu a dokar ranar 28 ga Janairu, 1932.

Dokar ba ta yi wa ma'aikaci gwaninta sosai ba. Abin da zai samu bai wuce dala 10 a mako ba, na tsawon mako 10 a shekara, kodayake an ɗaga adadin daga baya. Inda hikimar take shi ne asusun. Kowane kamfani na da nasa, yana zuba kashi 2 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya, ba a cire wa ma'aikaci ko sisi. In asusun ya kai dala 55 kan kowane ma'aikaci, sai zubin ya ragu zuwa kashi 1. In ya kai dala 75, an huta. Mai yawan kora kuwa asusunsa kullum a rarake, shi kuma kullum cikin zubi. An ma ba masu kamfanoni ƙofar fita: in suka kafa nasu tsarin da kansu har ya game ma'aikata 175,000, tilas ɗin ba zai hau kansu ba. Ba su cika adadin ba, aka fara karɓar kuɗi a Yulin 1934.

Masu suka ba su yi shiru ba. Wani kwamiti a jihar Ohio ya ce a tara kuɗin kowa a tukunya ɗaya, domin ba laifin mai kamfani ba ne kaɗai idan tattalin arzikin duniya ya durƙushe. Suna da gaskiyarsu: in kamfani ya karye, asusunsa ya ƙafe, wa zai biya mutanensa?

Sauran jihohi kuma tsoro ya hana su motsi, kada su ɗora haraji masana'antu su tsallaka zuwa maƙwabta. Dokar Social Security, wadda Shugaba Franklin Roosevelt ya sa wa hannu ranar 14 ga Agusta, 1935, ita ta kwance wannan ƙulli, kuma wani almajirin Commons, Edwin Witte, shi ya jagoranci ma'aikatan kwamitin da ya tsara ta. Gwamnatin tarayya ta ɗora harajin albashi kan masu ɗaukar ma'aikata a ƙasar baki ɗaya, sannan ta ce za a yafe musu har kashi 90 cikin 100 in suna zubi a asusun jiharsu. Wace jiha za ta yarda kuɗinta ya tafi Washington a banza? Kafin ƙarshen 1937 duk jihohi 48 sun yi tasu dokar, Kotun Ƙoli kuma ta amince da tsarin a wannan shekara da rinjayen alƙalai 5 a kan 4.

Yawancin jihohin tukunyar Ohio suka zaɓa, amma sannu a hankali suka ɗauki gishirin Wisconsin, wato mai yawan kora ya fi biya. Leburorin gona da masu aikin gida kuwa dokar 1935 ta bar su a waje, kuma a jihohin kudu mafi yawan ma'aikata baƙar fata a waɗannan sana'o'i biyu suke.