Gubar da ke kashe sauro ta bar mutum: yadda take aiki da dalilin raguwar ƙarfinta

Gidan sauron da ake rabawa a Birnin Kudu da Gwaram, da maganin da manoman yankin ke fesa wa wake, galibi dangi ɗaya ne na sinadarai da ake kira fairitiroid. Dukkansu wuri ɗaya suke kai wa hari a jikin ƙwaro, wato ƙofar sodiyam da ke jikin jijiya. Sanin wannan ƙofa shi ne mabuɗin fahimtar dalilin da ya sa sauro ke sauka a kan gidan sauro mai magani ya tashi lafiya lau.

Mece ce ƙofar sodiyam?

Jijiyoyin mutum da na ƙwaro suna aika saƙo ne ta hanyar lantarki. A bangon kowace ƙwayar jijiya akwai ƙananan ƙofofi da ke buɗewa, sinadarin sodiyam ya kwararo ciki, sannan su rufe cikin kimanin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. Wannan buɗewa da rufewa ita ce saƙon. Masana biyu na Ingila, Alan Hodgkin da Andrew Huxley, su ne suka fayyace tsarin a 1952.

Guba iri-iri na lalata ƙofar ta hanyoyi daban-daban. Gubar wani kifin teku da ake ci a Japan toshe ta take yi, jiki ya shanye. Dafin wasu kunamu jinkirta rufewarta yake yi, shi ya sa harbinsu ke da raɗaɗi. DDT da fairitiroid kuwa riƙe ta suke yi a buɗe, jijiya ta yi ta harba saƙo ba ƙaƙƙautawa, ƙwaron ya kama makyarkyata, ya faɗi, ya mutu. Sniper ba ya cikin wannan dangi, wata hanya dabam yake bi, kuma haɗarinsa ga mutum ya fi girma.

Me ya sa mutum ke tsira?

Ƙofar ƙwaro ta fi ta mutum saurin kamuwa da wannan guba. Mutum yana da nau'i 9 na ƙofar, ƙwaro kuwa daga ƙwayar gado ɗaya tak nasa ke fitowa. Hantar mutum tana rusa gubar da sauri, fatarsa ba ta barin da yawa ya shiga, zafin jikinsa kuma yana rage mata ƙarfi. Duk da haka manomin da ya yi feshi ba kariya yakan ji fuskarsa na zugi da ƙaiƙayi, wanda ya sha kuwa sai an garzaya da shi asibiti. Kifi da ƙudan zuma da kyanwa ba su da juriyar da mutum yake da ita.

Yadda sauro ya sauya ƙofarsa

A 1998 masana suka gano wani sauyi a ƙwayar gadon sauron Afirka ta Yamma, wanda ake kira kdr. Tubali ɗaya ne kacal ya canza a ginin ƙofar, amma ya isa ya hana gubar kamawa sosai. A 2014 Sulaiman Ibrahim na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka wallafa binciken da ya nuna sauyin ya yawaita a sauron Auyo a Jigawa da Bunkure a Kano. Wasu sauron kuma sun ƙware wajen narkar da gubar kafin ta isa jijiya.

Feshin gona yana cikin abubuwan da ke haɓaka wannan juriya. Tsutsar sauro na girma ne a kududdufai da fadamun da ruwan gona ke gangarowa, raunana su mutu, masu juriya su hayayyafa. Kudancin Jigawa ya fi arewacinta samun ruwan sama, saboda haka makwancin sauro ba ya wuya a damina.

Abin da ya kamata a tambaya

Gidan sauro, ko maganinsa ya yi rauni, yana tare cizo matuƙar bai yage ba, don haka barin kwana a cikinsa kuskure ne. Sai dai gidajen ba ɗaya ba ne. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da mai ɗauke da PBO, wanda ke hana sauro narkar da guba. A 2023 ta ba da shawarar amfani da wanda aka haɗa da wani sinadari da ke kashe wa sauro tushen kuzari ba tare da ya bi ta ƙofar sodiyam ba.

Najeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya bisa huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya. Duk lokacin da aka sanar da rabon gidajen sauro, haƙƙin jama'ar Birnin Kudu da Gwaram ne a gaya musu nau'in da aka sayo, da sakamakon gwajinsa a kan sauron yankinsu, kafin a karanta musu adadi.