Shekaru Kafin Jinsi: Nazarin Sifofin Kuzari da Mazakuta a Turancin Yau da Kullum

Tsakure

Wannan maƙala ta duba sifofin Turanci da ke nuna ƙarfi, kuzari da mazakuta, irin su vigorous, energetic, virile, lusty, spry, sprightly da hale. Ta nuna cewa ba sa maye gurbin juna, kuma shekarun wanda ake sifantawa sun fi jinsinsa tasiri wajen zaɓen wasu daga cikinsu.

Gabatarwa da Bitar Ayyuka

Tun da Peter Mark Roget ya fitar da kundinsa na kalmomi masu kusancin ma'ana a 1852, mai koyon Turanci ya saba ganin waɗannan sifofi a jere kamar 'yan gida ɗaya. Ɗalibi a Kano ko Zariya da ya buɗe irin wannan kundi don ƙawata rubutunsa zai ɗauka duk wadda hannunsa ya kai gare ta ta wadatar. J. R. Firth ya rushe wannan zato a 1957 da ya ce a abokan tafiyar kalma ake gane ma'anarta, John Sinclair kuma ya ɗora a kai a littafinsa na 1991.

Jayayyata da waɗanda suka bi sawun Robin Lakoff ce. Littafinta Language and Woman's Place na 1975 ya buɗe ido a kan yadda Turanci ke ware wa mata wasu sifofi, kuma tana da gaskiya: vivacious da bubbly mata suka fi samu, virile kuwa na maza ne tun daga tushe, domin vir a Latinanci namiji ne. Sai dai an riƙe wannan mudu ana auna kowace sifa da shi, har aka daina tambayar shekarun wanda ake yabo. Mudun jinsi ba ya bayyana abin da ya sa ake kiran dattijo da dattijuwa spry ba tare da bambanci ba, amma ba a kiran jikokinsu haka.

Hanyar Bincike

An kwatanta bayanan ƙamusoshin Oxford da na COBUILD, wanda ya fara fitowa a 1987, sannan aka duba sunayen da kowace sifa ke raɓa a rubutun jaridu da jawaban siyasa. Ba a yi ƙidaya ba.

Sakamako

Vigorous da robust sun daɗe da barin jikin ɗan Adam. Ana sifanta muhawara, motsa jiki da tsiro da ta farko, tattalin arziki da hujja da ta biyu, wadda asalinta robur ne, sunan wani itace mai tauri. Energetic ta fi kowace sassauci, yaro da babba duk tana karɓa. Lusty, wadda a zamanin Chaucer take nufin mai nishaɗi, yau ta fi zama a kan kukan jariri da waƙar taro.

Babban abin da binciken ya gano yana ga spry, sprightly da hale. Ƙamusoshi kansu suna saƙala musu sharaɗi cewa galibi na tsofaffi ne, amma ba su faɗi abin da wannan sharaɗi ke haifarwa ba. Waɗannan sifofi suna auna kuzarin mutum ne a kan abin da ake tsammani daga mai shekarunsa. Matashin da ya haye bene da gudu ba wanda zai ce masa spry. Tsohuwa 'yar tamanin da ta haye benen nan ba sanda, ba dafa bango, ita ce spry. Aikin ɗaya ne, har nata bai kai nasa ba, amma ita ta samu kalmar, domin an zaci ba za ta iya ba. Kusan abin da Bahaushe ke nufi ke nan idan ya ce tsohon nan da sauransa: yabo ne na gaske, amma ya riga ya ƙirga abin da ya tafi.

Siyasar Amurka ta tabbatar da haka. A watan Fabrairun 2023 likitan Shugaba Joe Biden, Kevin O'Connor, ya fitar da rahoton lafiyarsa yana da shekara 80, ya kira shi vigorous. A rahoton 2024 ya yi amfani da robust. Da ya ce spry, da ya miƙa wa 'yan adawa abin da suke nema, domin kalmar da kanta za ta sanar da tsufan da ake son kawar da ido daga gare shi. Sifofin da ya zaɓa ba su da shekaru. Ta ɗaya ɓangaren, laƙabin low-energy da Donald Trump ya liƙa wa Jeb Bush a 2015 ya yi masa illa ne saboda ya taɓa abin da mai neman mulki a ƙasar yake tsoro tun daga jawabin Theodore Roosevelt na 1899 a kan rayuwar fafutuka, wato a ce ba shi da karsashi.

Feisty ta fi ɗaure kai, kuma a nan ne mabiya Lakoff suka tsaya rabin hanya. Tushenta feist ne, ƙaramin kare mai yawan haushi. Sun ce ta mata ce. Amma ana faɗa wa tsoho, da yaro, da ƙaramar ƙungiyar ƙwallo da ta hana babba sakat. Abin da ya haɗa su shi ne an raina ƙarfinsu tun farko. Mace ta shiga sahun ne ta ƙofar raini, kamar yadda tsoho ya shiga.

Iyakokin Bincike

Dole a yarda cewa misalan sun karkata ga rubutaccen Turancin Birtaniya da Amurka, kuma ƙidaya a rumbun British National Corpus mai kalmomi miliyan 100 za ta ƙara wa bayanin nauyi. Turancin Nijeriya, inda agile kan ɗauki aikin da spry ke yi a Ingila, yana buƙatar nazarinsa daban.