Hajiya Balaraba Ramat: Daga Littafi Zuwa Fim



A nan Luggere aka haife ni, amma mahaifina Bakano ne, fataucin atamfa ya kawo shi Adamawa. Duk sa'ad da ya je sarin kaya Kantin Kwari, sai Inna ta yi masa sautun littafin Hausa, ya cuso shi cikin dila. A cikin tsohuwar akwatinta na fara ganin sunan Balaraba Ramat Yakubu.

An haifi Hajiya Balaraba a Kano a 1959. Ƙanwa ce ga marigayi Janar Murtala Muhammad, shugaban ƙasan da aka kashe a 1976. Duk da haka, an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana da shekara 13. Auren bai ɗore ba. Daga baya ta shiga makarantar yaƙi da jahilci, ta ci gaba da karatu daga inda aka katse mata.

Littafinta na farko, Budurwar Zuciya, ya fito a 1987. A 1990 ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne da kuma Wa Zai Auri Jahila?, wanda ke ba da labarin Abu, yarinyar da aka hana boko aka aurar wa tsoho, ta gudu birni ta yi karatu. Ta kuma kasance cikin ƙungiyar marubuta ta Raina Kama tare da su Ado Ahmad Gidan Dabino.

A wannan shekara ta 1990 ne ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, harkar bidiyo ta kankama a Kano. Masu fim na neman labari, marubuta kuwa suna da shi a hannu. A 1998 Abdulkarim Muhammad ya mayar da Alhaki Kuykuyo Ne fim. Ita ma Hajiya ta shiga rubuta fim da shirya shi, har ta kai ga Juyin Sarauta, fim na tarihin sarauta. A 2012 kamfanin Blaft na ƙasar Indiya ya buga Alhaki da Turanci, fassarar Aliyu Kamal.

Abin da ya sa na kawo wannan tarihi shi ne, ƙanwata ta gama aji uku na sakandare bana, kuma masu neman aure sun fara sallama. Baba ya ce zai yi shawara. Jiya da daddare Inna ta ɗauko Wa Zai Auri Jahila?, bangonsa duk ya yage, ta ajiye masa kusa da tabarmar cin abinci. Ba ta ce komai ba, shi ma bai ce ba. Da asuba dai na ga littafin a ɗakinsa.

'Yan uwa, ku taya mu da addu'a. Allah Ya zaɓa mana mafi alheri, amin.