Daga Dafin Kibiya Zuwa Maganin Ciwon Daji

TAMBAYA: Wani manomi, mai sauraronmu daga ƙasar Isa, ya aiko yana cewa ya ji a kasuwar Sabon Birni wai Turawa sun fitar da maganin ciwon daji daga tumfafiya. Shin gaskiya ne? In haka ne, zai iya jiƙa saiwarta ya ba ƙanensa da ke kwance?

AMSA: To Malam, Allah ya ba shi lafiya. Labarin yana da tushe, amma don Allah kada ka ba shi. Ga yadda abin ya faro.

Tun zamanin Alkalawa, birnin da Sarkin Gobir Babari ya kafa a bakin gulbin Rima a ƙarni na 18, har zuwa faɗuwarsa a 1808 lokacin Sarki Yunfa, 'yan baka a ƙasar Hausa da dafi suke harbi. Babban abin haɗin shi ne 'ya'yan kwankwani, wasu kuma kan ƙara da nonon tumfafiya. Itatuwan nan biyu dafinsu dangi ɗaya ne, zuciya yake nufa kai tsaye. Kaɗan ya ƙara mata ƙarfin bugu, in ya yi yawa ya rikita ta har ta tsaya.

Wannan “kaɗan” ɗin shi ne ya ja hankalin likitoci. Wani likita mai suna John Kirk, abokin tafiyar Livingstone a yankin kogin Zambezi, ya taɓa ajiye buroshin haƙorinsa aljihu ɗaya da irin wannan dafi. Da ya goge baki sai ya ji ɗaci, ya kuma lura bugun zuciyarsa ya ragu. Daga bisani Thomas Fraser na Jami'ar Edinbara ya tace sinadarin, a 1885 kuma ya gabatar wa likitoci da shi a matsayin maganin zuciya, wanda ake aunawa ɗigo-ɗigo.

Maganar ciwon daji kuwa sai can baya ta zo. A 2005 wasu masana na Birasel a ƙasar Beljiyam, tare da abokan aikinsu na Wagadugu, suka buga sakamakon binciken da suka yi kan ɓawon saiwar tumfafiya. Sun samo wani sinadari da ke kashe ƙwayoyin ciwon daji a ɗakin gwaji. To amma fa kashe ƙwayar cuta a kwalba ba wuya ba ne, ko ruwan batir zai yi wannan. Wuyar aikin ita ce a kashe ciwon a bar mai ciwon da ransa. Don haka suka sauya wuri guda a ginin sinadarin, suka sami wani sabo da suka sa wa lamba UNBS1450. Da aka gwada shi a jikin ɓeraye, sai aka ga suna jure shi ninkin ba ninkin fiye da tsofaffin magungunan zuciya na danginsa, ɓerayen da aka dasa wa ciwon kuma suka ƙara tsawon kwana.

A nan ne gizo ke saƙar. Ɓera ba mutum ba ne. Allah ya yi shi da juriyar wannan dangin dafi musamman, ta yadda abin da zai sha ya ci gaba da yawonsa, in an kwatanta da nauyin jiki, zai iya kai ɗan Adam kabari. Shi ya sa aka koma gwaji a kan marasa lafiya 'yan ƙalilan a Beljiyam, ana farawa da ɗan mitsitsi. Aikin bai kai ƙarshe ba, maganin kuma bai shiga kasuwa ba.

Ba kullum ake faɗuwa ba dai. A 1966 Monroe Wall da Mansukh Wani na Amurka suka fitar da wani sinadari daga wata itaciyar ƙasar Sin. Ya yi aiki a ɓeraye, amma da aka ba mutane sai ga gudawa mai tsanani da fitsarin jini, aka jingine shi. Sai da aka yi ta gyaransa kafin 'ya'yansa biyu, irinotecan da topotecan, su sami amincewa a Amurka a 1996. Shekara 30 ke nan, Malam!

Ita kuwa tumfafiyar bakin gonarka ba wanda ya taɓa ta da gyara. Dafinta na nan yadda maharban da suka san shi, ƙarfinsa kuma ya bambanta daga wannan tushe zuwa wancan, ballantana a ce ga ludayi ga awo. Nononta ma in ya faɗa ido yakan dushe gani na kwanaki. Ka daure ka kai ƙanen naka Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato a duba shi, in kuma ya riga ya sha wani jiƙo, ka gaya wa likita sunan itacen tun kafin ya tambaya.