Zubar jini ba bisa ƙa'ida ba: Hanyoyi uku na ɗibar samfuri daga cikin mahaifa

Idan jinin haila ya yi yawa, ko ya riƙa zuwa a tsakanin al'ada biyu, ko ya dawo bayan mace ta daina haila, likita yakan nemi a ɗebo ɗan abin da ke lulluɓe da bangon mahaifa ta ciki, a kai ɗakin gwaje-gwaje. Manufar ita ce a tantance ko akwai sankara ko kaurin bango da kan iya rikiɗewa ya zama sankara. Kusan tara cikin goma na masu sankarar bangon mahaifa da zubar jini suke fara ganin alamarta. Shi ya sa Kwalejin Likitocin Mata ta Amurka ta ba da shawarar yin wannan gwaji ga duk mai irin wannan zubar jini da ta kai shekara 45, har ma da wadda ba ta kai ba idan tana da ƙiba ko magani bai yi mata aiki ba.

Wankin mahaifa

Wannan ita ce tsohuwar hanya. Ana buɗa bakin mahaifa, sannan a kankare bangon da ƙarfe mai kama da cokali, galibi a ɗakin tiyata bayan an sa mace barci. Tana samar da samfuri mai yawa, amma likita ba ya ganin inda yake kankarewa. Wani bincike na 1975 ya nuna cewa a kashi 60 cikin ɗari na matan da aka yi wa, abin da aka kankare bai kai rabin bangon ba. Akwai kuma haɗarin huda mahaifa, ga tsada.

Bututun Pipelle

Likitan Faransa Cornier ne ya fito da shi a 1984. Siririn bututun roba ne mai kaurin kusan milimita 3, wanda ake zurawa ta bakin mahaifa ya zuƙo samfuri cikin 'yan mintuna, ba tare da sa barci ko kwanciya a asibiti ba. Yana gano fiye da kashi 90 cikin ɗari na sankarar bangon mahaifa. Rauninsa shi ne ɗan yanki kaɗan yake taɓawa, don haka yakan tsallake tsiro ko ƙarin da ke zaune a wuri guda. Inda babu shi, akan yi amfani da sirinjin zuƙa na hannu, wanda asibitocin Najeriya suka saba da shi wajen kula da masu ɓari.

Leƙa mahaifa da kyamara

A nan likita na zura siririyar na'ura mai fitila, ya ga cikin mahaifa da idonsa, ya tsinko samfuri daidai inda ya ga matsala. Ita ce ta fi dacewa da tsiro da ƙari, sai dai tana buƙatar kayan aiki masu tsada da ƙwararre, kuma an fi samunta a manyan asibitoci.

Wace za a zaɓa?

Akan fara da bututu saboda sauƙi da arha. Amma idan samfurin bai isa ba, ko sakamako ya ce lafiya lau alhali jini bai tsaya ba, kada a saki jiki: sai a koma wurin likita domin a leƙa da kyamara.