Maganar Hannu da Yaƙi da Cutar Ƙanjamau a Ƙasar Hausa

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa abin da ya hana kurame amfana da yaƙi da cutar ƙanjamau matsala ce ta harshe, kuma ba mai iya warware ta sai kuramen da kansu.

Tun zamanin da, kuramen ƙasar Hausa suna da harshensu, wato maganar hannu. Ba a aji ake koyonta ba, yaro yana tsintarta ne wajen manyansa a kasuwa da dandali, haka kuma masu ji da yawa sukan iya wani abu daga cikinta. Constanze Schmaling ta yi nazarinta a Kano, ta fitar da littafi a kanta a 2000. Harshen makaranta kuwa daban yake. Andrew Foster, wani kurma Ba'amurke baƙar fata, ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960, ya shigo da ishara irin ta Amurka, wadda makarantun kurame suka ɗauka. Ta Tudun Maliki a Kano an kafa ta a 1977. Ke nan kurma ɗan boko da kurman ƙauye ba lalle ne su fahimci juna sosai ba.

Da aka ba da sanarwar ɓullar ƙanjamau a Nijeriya a 1986, sai aka ɗora yawancin aikin faɗakarwa a Arewa bisa rediyo da wa'azi da waƙa, dukkansu kuwa ta kunne suke shiga. Binciken da Nora Groce da abokan aikinta suka buga a 2007 ya nuna kuramen Nijeriya sun fi masu ji ƙarancin sanin yadda cutar take yaɗuwa. Bayan wannan akwai maganar sirri. Kurman da ya je gwaji da ɗan'uwansa a matsayin tafinta, ɗan'uwan ne zai riga shi jin sakamakon, don haka wani ya gwammace ya zauna gida.

A ƙasar Kenya, a farkon shekarun 2000, ƙungiyar LVCT ta horar da kurame suka zama masu ba da shawara da yin gwaji, a Nairobi da Mombasa da Kisumu. Mai neman shawara ya sami wanda zai gana da shi ba tare da na uku ba.

Wannan darasi ya shafi arewacin Zamfara ƙwarai. Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi suna cikin yankin da sanƙarau yake yawan aukuwa, shi kuwa yakan bar wanda ya tsira da kurumta. Annobar 2017 ma a ƙaramar hukumar Zurmi aka fara ganinta, a ƙarshen 2016. Dokar hana nuna wariya ga naƙasassu, wadda aka sa wa hannu a 2019, ba za ta yi wa kurman waɗannan garuruwa amfani a asibiti ba muddin ba mai jin harshensa.

Saboda haka duk horon da za a shirya wajibi ne a gudanar da shi cikin maganar hannu, a kuma ɗebo ɗalibansa daga cikin kuramen yankin, maza da mata. Aikin masana harshe a nan shi ne su zauna da kuramen, su tattara ishara da suke yi wa jini da gwaji da magani, kafin a rubuta manhajar horon.