Bagadaza Ko Rayyu: Likitan Da Ya Bar Fadar Halifa Ya Koma Gida

Labarin da aka fi sani game da Abubakar Muhammadu ɗan Zakariyya Ar-Razi labarin nama ne. An ce sarki ya yi niyyar gina asibiti a Bagadaza, sai ya nemi shawararsa kan wurin da ya fi dacewa. Ar-Razi ya sa yaransa suka rataya tsokar nama a sassa daban-daban na birnin, gabas da yammacin kogin Dijla, aka bar ta. Inda naman ya fi jimawa bai yi wari ba, nan ya ce a kafa harsashi, domin iskar wurin ta fi lafiya. Labarin yana da ƙani. An ce da aka tashi naɗa shugaban asibitin, sarkin ya sa aka tattaro masa sunayen likitoci sama da 100, ya tace su zuwa 50, daga nan zuwa 10, daga nan zuwa 3, kuma a kowane zagaye sunan Ar-Razi yana ciki, har ya zama shi ne zakara.

Labari ne mai daɗi, kuma duk mahaucin da ya taɓa kwana da ragowar nama a damina zai ce akwai hankali a ciki. Matsalarsa ɗaya ce. Sarkin da ake ambata shi ne Adudud Daula, wanda aka buɗe babban asibitinsa wajen shekarar 982. Ar-Razi ya rasu a 925. Shi kuwa sarkin sai a 936 aka haife shi. Ko Ibn Abi Usaibi'a, marubucin tarihin likitoci na ƙarni na 13 wanda ya kawo labarin, bai wuce shi haka nan ba, ya nuna cewa Ar-Razi ya riga wannan sarki.

Abin da ya tabbata ya fi wannan jan hankali. Mutumin ya shugabanci asibiti a birane biyu: Rayyu, garin haihuwarsa, da Bagadaza, hedikwatar daular Abbasiyawa. Ya yi kai da komo tsakaninsu a shekarun da suka kewaye 900, ya ɗanɗani kujera mafi girma da likita zai iya samu a zamaninsa, sannan ya tattara ya koma inda ya fito, ya ƙarasa rayuwarsa a can. Duk ma'aikacin lafiyar da ya taɓa riƙe takardun ɗaukar aiki biyu a hannu, ɗaya daga babban birni ɗaya daga gida, ya san nauyin irin wannan shawara.

Bari mu fara da abin da Bagadaza ke da shi. Halifa Mansur ne ya kafa ta a 762, kuma tun zamanin Haruna Rashid (786 zuwa 809) take da asibiti, wanda suke kira bimaristan, kalmar Farisanci mai nufin wurin marasa lafiya. Zuriyar Bukhtishu, likitoci Kiristoci daga Jundishapur, sun yi ta gadon aikin duba halifofi uba da ɗa. A nan Hunain ɗan Ishaƙ, wanda ya rasu a 873, da ɗansa da almajiransa suka juya littattafan Jalinus da Buƙrat, manyan likitocin Girka, zuwa Larabci da Suryananci. Masanin ƙasa Yaƙubi ya ƙirga shagunan masu sayar da littattafai sama da 100 a kasuwa guda. Ga mutum irin Ar-Razi, wanda wani dattijo da ya san shi ya ce bai taɓa shiga wurinsa ba face ya tarar da shi yana kwafar littafi ko yana gyara rubutu, wannan kasuwa kaɗai ta isa dalilin ƙaura.

Sai kuma marasa lafiya. Birnin da ya tara fatake daga Indiya da Sin da Afirka, da sojoji, da bayi, da attajirai, da talakawan da ke kwana a bakin kogi, ya tara cututtuka iri-iri. Likita ba ya ƙwarewa da karatu kawai, sai ya ga ciwo ɗaya a jiki ɗari. Ar-Razi ya san haka, shi ya sa yake rubuta abin da ya gani a kan kowane majinyaci. A cikin waɗannan rubuce-rubuce akwai na wani mutum mai suna Abdullahi ɗan Sawada, wanda zazzaɓi ke zo masa ba tsari, yau kullum, gobe bayan kwana biyu, jibi bayan huɗu. Ar-Razi ya yi ta kokwanto, har ranar da mugunya ta fito a fitsarin mutumin, sannan ya gane ƙurji ne a ƙoda. Abin da ya burge ni shi ne bai ɓoye kuskurensa ba. Ya rubuta cewa majinyacin bai gaya masa yana jin nauyi a ƙugu ba, shi ma kuma bai tambaya ba. Likitoci nawa ne, a da ko a yanzu, za su rubuta irin wannan da hannunsu don ɗalibai su karanta?

A wani wurin ya bayyana yadda ya raba masu alamun ciwon da yake kama da sanƙarau gida biyu: wasu ya tsaga musu jijiya ya rage jini, wasu ya bar su da gangan, don ya ga bambanci. Maganin kansa an daina shi tuntuni, amma dabarar kwatanta rukuni da rukuni ita ce har yau ake gwada magunguna da ita. Irin wannan gwaji sai a asibiti, inda gadaje ke cike.

Kuɗi ma suna Bagadaza. A 914 waziri Ali ɗan Isa ya gina asibiti. A 918 aka buɗe wasu biyu, ɗaya da sunan mahaifiyar Halifa Muƙtadir, ana kashe masa dinari 600 a wata, ɗaya da sunan halifan kansa, ana kashe masa 200. Likitan fada Sinan ɗan Sabit ne ke kula da su. Sana'ar ta yi kasuwa har a 931, bayan wani majinyaci ya mutu ta dalilin kuskuren mai magani, aka ba da umarnin yi wa likitocin birnin jarrabawa, aka samu kimanin 860 ban da waɗanda sunansu ya riga ya wuce tambaya.

To, me zai sa mutum ya bar wannan duka?

Inuwar fada tana da sanyi, amma bangon da ke ba da ita yakan faɗi. A 908 Halifa Muktafi ya rasu, aka ɗora ƙanensa Muƙtadir yana ɗan shekara 13. Kafin shekarar ta ƙare wasu manya suka yi yunƙurin tsige shi, suka naɗa mawaƙin nan Ibn Mu'utaz, wanda halifancinsa bai wuce kwana ɗaya ba, aka kama shi aka kashe. Daga nan waziri ya zama kamar riga, a sa yau a tuɓe gobe, kuma wanda aka tuɓe yawanci sai an ƙwace dukiyarsa, an bi na kusa da shi. Shugaban asibiti a wancan zamani ba ma'aikacin gwamnati ba ne mai fansho. Yaron wani babba ne, idan uban gidansa ya faɗi ƙura takan kai gare shi. Ga kuma gasar ɗaruruwan abokan sana'a, kowa na neman kunnen sarki. Ar-Razi ya rubuta gajerun maƙaloli kan dalilin da ya sa jama'a ke barin ƙwararren likita su bi ɗan damfara, da kuma cewa likita komai iyawarsa ba zai warkar da kowace cuta ba. Wanda bai sha haushin sana'a ba, ba ya zama ya rubuta irin waɗannan.

Kada mai karatu ya ɗauka Rayyu ƙauye ce. Babban birni ce a kan hanyar Khurasan, wadda ta tashi daga Bagadaza ta ratsa duwatsun Zagros ta Hulwan da Hamadan, ta wuce zuwa Naisabur da Bukhara da Samarƙand. Tsakanin biranen biyu akwai kimanin kilomita 700 a miƙe, tafiyar makonni a kan raƙumi ko alfadari. A Rayyu aka haifi Haruna Rashid kansa. Tana da asibitinta, tana da malamai, tana da gwamna mai son ilimi: Mansur ɗan Ishaƙ na gidan Samaniyawa, wanda ya riƙe ta daga wajen 902 zuwa 908. Shi Ar-Razi ya sadaukar wa littafinsa Al-Mansuri mai kashi goma. Zaman lafiya dai ba ta fi Bagadaza ba, domin bayan Mansur ta yi ta sauya hannu tsakanin Samaniyawa da mutanen halifa da jaruman yaƙi irin su Yusuf ɗan Abis-Saj. Saboda haka ba gudun fitina kaɗai za a ce ba.

A ganina, abin da Rayyu ta fi Bagadaza da shi a wurinsa shi ne, a can shi ɗaya ne cikin manya, a nan kuwa shi ne babba. Ibn Nadim, mai littafin Fihrist, ya kawo bayanin wancan dattijo ɗan Rayyu kan yadda majalisinsa yake. Yana zaune a tsakiya, almajiransa na kewaye da shi, bayansu almajiran almajiransa, bayansu wasu kuma. Majinyaci zai fara da na bakin waje. Idan sun gane ciwon, shi ke nan. Idan ya fi ƙarfinsu ya matsa ciki, har abin da ya gagari kowa ya iso gaban malam. Wanda ya taɓa kwanciya a asibitin koyarwa ya ga jikan wannan tsari: ƙaramin likita ya fara duba ka, sai na sama da shi, sai babban ƙwararre ranar zagaye. Irin wannan makaranta ba a gina ta a shekara biyu. Sai mutum ya zauna wuri ɗaya har ɗalibansa su yi ɗalibai. Dattijon ya ƙara da cewa yana da tausayin talakawa, yana ba su kyauta, yana jinyar su. Akwai kuma wani kundi na bayanin marasa lafiya kusan 900 wanda almajiri ne ya rubuta shi daga abin da ya gani a gaban malaminsa.

Gida ma yana da nasa ƙaya. A Rayyu ne ya yi muhawara mai zafi da ɗan garinsu Abu Hatim, malamin Isma'iliyya, kan annabta da matsayin hankali, kuma ra'ayoyin falsafa da aka jingina masa sun jawo masa suka daga malamai da yawa, a zamaninsa da bayansa. Abin lura shi ne, waɗanda suka yi tir da falsafarsa ba su daina karanta likitancinsa ba.

Sai tsufa ya zo. A wani ɗan littafi da ya rubuta don kare tsarin rayuwarsa, ya faɗi cewa ya taɓa rubuta sama da shafi 20,000 a shekara guda da ƙananan baƙaƙe irin na laya, kuma ya shafe shekara 15 a kan babban kundinsa dare da rana, har ganinsa ya raunana, hannunsa ya shanye, ya koma sai an karanta masa an rubuta masa. Yana ta rufe masa ido. Al-Biruni, wanda ya tattara sunayen littattafansa 184, ya ba da labarin wani almajirinsa da ya taso daga Tabaristan don ya yi masa aikin idon. Malam ya tambaye shi yadda zai yi, ya saurara, ya yarda cewa ya iya, sannan ya ce a bar shi, wahalar ba ta da amfani ga wanda ajalinsa ya kusa. Bai jima ba ya rasu, ranar 5 ga Sha'aban 313 bayan hijira, wato Oktoban 925, yana da kimanin shekara 60.

A nan ne zaɓin nasa ya haifi abin da ba lallai ya hango ba. Ya bar tarin takardu ba tsari: abin da ya kwafo daga Girkawa da Indiyawa da Suryaniyawa da Larabawa kan kowace cuta, daga kai har ƙafa, tare da nasa ra'ayi da abin da ya gani a asibiti. Takardun suna hannun 'yar'uwarsa. Bayan shekaru, Ibn Amid, wazirin Sarki Ruknud Daula wanda ke zaune a Rayyu, ya biya ta dinari masu yawa ya karɓe su, ya tara almajiran Ar-Razi da suka zama likitoci a garin, ya sa suka jera su. Abin da ya fito shi ne Al-Hawi, wanda bugunsa na Larabci da aka yi a Haidarabad ta Indiya ya haura juzu'i 20. Sai an haɗa abu uku kafin wannan ya yiwu: dangin da za su adana takardun makaho, ɗaliban da suka san rubutunsa da tunaninsa, da mai mulkin da ya ga darajarsu. Duka ukun a Rayyu suke. Da ya mutu baƙo a Bagadaza, a gidan haya, lokacin da wazirai ke faɗuwa, ina tsammanin da kaɗan ne zai tsira daga hannun masu ƙunsa kayan yaji.

Amma adalci shi ne a ce rabin abin da ke cikin takardun daga kasuwar littattafai da gadajen Bagadaza ya samo shi. Da bai fita ba, da 'yar'uwar tasa ba ta da abin sayarwa mai wannan nauyi.

Daga nan littattafan suka yi tafiyar da ta fi tasa nisa. Gerard na Kremona, wanda ya rasu a 1187, ya fassara Al-Mansuri zuwa Latin a Toledo ta Andalus, kuma kashi na tara ya zama littafin koyarwa a jami'o'in Turai na ƙarnoni. A kansa Andreas Vesalius, uban ilimin sassan jiki na zamani, ya yi rubutun kammala karatunsa a 1537. Al-Hawi kuwa wani likita Bayahude daga Sisili, Faraj ɗan Salim, ya gama juya shi a 1279 bisa umarnin Sarki Charles na Anjou, aka buga shi da injin ɗab'i a garin Brescia na Italiya a 1486. Ɗan littafinsa kan agana da ƙyanda, wanda ya bambanta cututtukan biyu dalla-dalla, an yi ta sake buga shi a Turai har ƙarni na 19.

Biranen biyu kuwa ƙaddara ɗaya ta same su. Rundunar Mongol ta ragargaza Rayyu wajen 1220, ta shiga Bagadaza a 1258. Bagadaza ta farfaɗo ta ci gaba da zama babban birni. Rayyu ba ta koma yadda take ba. Wani ƙauye da ke arewa da ita, mai suna Tehran, shi ya girma har ya haɗiye ta. Yau unguwa ce a kudancin babban birnin Iran, jirgin ƙasa na cikin gari yana tsayawa a tashar da ke ɗauke da sunanta, kuma kowace shekara a ƙarshen Agusta masu harhaɗa magunguna na ƙasar suna bikin ranarsu a ranar da aka ce an haifi Ar-Razi.